Ni da Tauraron Arewa a Ƙauyen Su Zulai

Ba zan taɓa mantawa da zuwana ƙauyen su Zulai ba, kuma ko na so in manta ba zai yiwu ba, don akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna min duk sallah.

Ni mai hoto ne. Hoton biki, hoton suna, hoton yara ranar saukar karatu, irin wannan dai. Ina da ɗan shago a Rijiyar Zaki, kuma a da ana samu, alhamdu lillahi. Sai shekarun nan na tsada suka shigo. Fetur ya tashi, abinci ya tashi, mutane suka gano ashe aure yana ɗauruwa ba tare da dina ba, kuma ashe ƙanwar amarya ma tana da waya mai kyamara. Abu na farko da ake yankewa a biki shi ne mai hoto. (Na biyu mai kwalliya ce, amma ita tana da baki, ana tsoronta.) Sai na koma zama a shago tun safe har yamma ina goge lens, gilashin idon kyamara, wanda bai yi datti ba.

Zaman banzan nan ne ya kai ni ga taurari. Wani abokina da ya samu tafiya karatu waje ya bar min wata 'yar na'ura, ya ce in riƙe masa. Tiraka ake ce mata, girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba. Bari in yi muku bayaninta a taƙaice, don ita ce ta kai ni ta baro. In za ka ɗauki hoton taurari, dole ka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, don haskensu ya taru. To ita kuma sama ba ta tsayawa jiran kowa. Taurari tafiya suke a hankali daga gabas zuwa yamma, idonka ba ya gani amma kyamara tana gani, sai su fito a hoto kowanne da jela, kamar ƙwayar shinkafa, in ka daɗe sosai kuma kamar taliya. Aikin tiraka shi ne ta riƙa juya kyamarar sannu a hankali tana bin su, sai su fito ɗigo ɗigo, tsaf. Amma tana da sharaɗi guda. Sai ka saita ta a kan tauraron arewa, wanda shi kaɗai ne ba ya zuwa ko'ina, sauran duk shi suke zagayawa. Akwai wani ɗan bututu a jikinta da ake leƙawa, ka sa tauraron a tsakiya, ka ɗaure. In ka kuskure shi, tiraka za ta yi ta juyawarta tsakaninta da Allah, amma ba inda sama ta nufa ba.

Duk wannan a bidiyo na koya. Maganar gaskiya, har zuwa ranar da nake ba ku labari ban taɓa ganin tauraron arewa da idona ba. A wajenmu ƙasa ƙasa yake, daidai inda benaye da hasken unguwa suka tare. Na dai san shi a waya, kamar yadda ake sanin 'yan ƙwallon Turai.

Sai maganar Zulai. Mun daidaita da ita, Ummanta ta san da ni, yayanta Nasiru ma tare muke kallon ƙwallo. Amma mahaifinta ya rasu, waliyyinta shi ne yayan mahaifin nata, Baffa Haruna, manomi a wani ƙauye gaba da Zakirai. Kafin manyana su je tambaya, Baffa ya aiko da saƙo gajere: "A turo min yaron in gan shi. A wannan zamanin ba a ba da 'ya sai an ga sana'a." Umma kuma ta gaya min ƙarara, in Baffa ya ce a'a, to a'a ce, ita ba ta da ta cewa a kan maganarsa. Kun ga ke nan abin da ke gabana ba na wasa ba ne.

Ana gobe za mu tafi Zulai ta kira ni.

"Abu biyu nake roƙonka," ta ce. "Kada ka cika surutu. Kuma kada ka ɗauko zancen taurarin nan."

"Haba Zulai, sai ka ce wani yaro."

"Ka ce wallahi ba za ka tafi da na'urar nan ba."

Na ce mata netwok yana yankewa. (Na'urar tana cikin jakata tun la'asar, na naɗe ta a cikin singileti.)

Kuma ina da hujjata, kada ku yi min dariya tukuna. Baffa sana'a yake son gani. Shagona kuwa ko ƙuda ba ya shiga. Me zan nuna masa wanda ƙanwar amarya ba za ta iya yi da wayarta ba? Ga kuma ƙauye, ba janareta, ba fitilar titi, sama baƙa wuluk. A lissafina tafiya ɗaya zan ci riba biyu.

Nasiru ne ya goya ni a babur ɗinsa, don maganar mota ba ta ma taso ba. Lokacin kaka ne, an yanke dawa, duk gonar da ka duba ga dammuna a tare. Wajen nan gonaki manne suke da gidaje, ba ka sanin inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara, sai dai ka ga masallaci ya canza. Muka isa bayan azahar, bayana ya sage, shaddata da na kai guga ta koma kamar an kwana a cikinta.

Baffa yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Ɗan gajeren dattijo ne, mai farin gemu, irin mutanen nan da in sun yi magana guda sai su huta. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa, ya tambayi mutanen gida. Wallahi tun daga azahar har magariba na riƙe bakina kamar mai ciwon haƙori. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ɗan taɓa na janye hannu saboda kunyar surukai. (Nasiru ya cinye nawa, yana kallona yana lumshe ido.) Da Zulai ta gan ni a lokacin, da ta yi alfahari da ni.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta dattawa suka zo hira. Hirar duk ta wahala ce. Taki ya gagara, amfani bai yi auki ba, ga kuma sata. Wani ya ce bana in ba ka kwana a gona ba, da safe sai ka tarar an taya ka kwashe dawa. Baffa ya ce, "Ni kam na tsufa da kwanan gona. Sai dabara." Ba wanda ya tambaye shi wace dabara, ni ma ban tambaya ba. Ku riƙe wannan.

Can sai ya juyo wajena.

"Aka ce hoto kake yi."

"E, Baffa."

"Ana ci da shi?"

"Ana ci, Baffa." Na ɗan yi jim. "Ana dai lallaɓawa."

Akwai wani dattijo a gefe mai 'yar rediyo a cinya, Malam Audu, shi ya sa baki. "Ai yanzu kowa mai hoto ne. Jikata ma tana yi. Har ta sa mini kunnen zomo."

Aka yi 'yar dariya. Baffa bai yi ba, kallona kawai yake, kuma na ga kamar yana auna ni da jikar Malam Audu. Na ɗaga kai don in kauce wa idonsa, sai na ga sama. Jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Taurari birjik kamar an watsa gero a baƙin zane, har ƙasa, har bayan rumbuna. Sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba.

"Baffa, akwai hoton da ba kowa ke iya yi ba."

Nasiru ya take min ɗan yatsan ƙafa. Na janye ƙafar na tashi na ɗauko jaka.

Na kafa ƙafa-uku a filin da ke gefen gidan, inda ake hangen gonaki, na ɗora tiraka, na ɗora kyamara. Dattawa suka taso da tabarminsu. Na buɗe abin nuna alƙibla na waya don in gane arewa, kuma don hannuna ya samu sarari sai na ajiye wayar a kan tirakar. (Daga baya na koyi cewa ƙarfe da injin da ke cikinta suna rikita wa waya lissafi. Daga baya na koyi abubuwa da yawa.) Waya ta ce arewa can ce. Na duba can. Sai ga shi kuwa, ƙasa ƙasa kamar yadda aka ce, shi kaɗai a saman wata babbar bishiya, fari tas. Ko ƙiftawa ba ya yi irin ta sauran. Na ce a raina, ai dole, shugaba ne. Na leƙa ta bututu, na ga ya fi na bidiyo girma. Na ce iskar ƙauye ce mai tsabta.

Da na tsaya a nan na yi aikina shiru, da da sauƙi. Amma ina. Na miƙe na gyara murya.

"Baffa, kun ga wancan tauraron? Shi ne tauraron arewa. Duk taurarin nan da kuke gani tafiya suke. Har kaza da 'ya'yanta da suke can gabas, kafin asuba sun koma yamma. Amma shi wancan, nan za ku tarar da shi. Tun kakannin kakanni yana nan. Fatake da shi suke ratsa sahara. Masu jirgin ruwa in sun ɓace a teku shi suke nema."

Baffa ya bi yatsana da kallo.

"Wancan?"

"Shi, Baffa."

"Na saman ɗorawar can?"

"Shi ne."

Malam Audu ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗan ɗaga masa hannu. Ya rufe.

"To," in ji Baffa.

Wajen ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka ilimi ne ya ratsa su. Har na ƙara musu da cewa shi wannan tauraron haskensa sai ya yi shekaru aru aru yana tafiya kafin ya iso idonmu. Wani daga baya ya yi tari mai tsawo.

Yanzu sai in gaya muku halin lens ɗin da na ɗaura, don shi ma da hannunsa a ciki. Lens ne mai faɗin ido, wanda yake kwaso rabin sama a hoto guda. Saboda faɗin nan, taurari suna fitowa 'yan mitsi mitsi, don haka in ba ka daɗe ba, ko da tiraka ko babu, ko ka saita daidai ko ka saita a kan shirme, tsaf za ka gan su. Kamar babbar riga yake, yana rufa wa tumbi asiri. Sai ka daɗe sannan gaskiya take fitowa. Ni kuwa gwajin da na yi gajere ne. Na danna, na ɗan jira, hoto ya fito. Taurari ɗigo ɗigo, fiye da waɗanda ido ke gani. Na zagaya da kyamara ina nuna wa dattawa.

"Ikon Allah," in ji wani.

Malam Audu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan kam jikata ba ta yi."

Baffa ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Nasiru ya matso ya raɗa min, "Ya isa haka. Ka ci. Naɗe kayanka." Shawara mafi kyau da aka taɓa ba ni ke nan a rayuwa, kuma kyauta.

Na ce, "Baffa, bari in ɗauke ku tare da su."

Baffa ya tashi ya shiga gida. Na ɗauka ya ƙi ne. Sai ga shi ya fito cikin farar babbar riga, da hula sabuwa, har da ƙamshin turare. Ashe mutumin bai taɓa yin hoto na kirki ba in ban da na katin zaɓe. Aka kawo masa kujera, na zaunar da shi ta gabas, rumbunsa a gefe, kaza da 'ya'yanta a saman kansa, ɗan hasken fitilar zaure yana taɓa fuskarsa. Na ce masa wannan karon zan daɗe, don har ƙananan taurari su fito, kuma duk abin da zai faru kada ya motsa.

"Ko numfashi?"

"Numfashi kaɗan kaɗan, Baffa."

A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ba ni da wanda zan ɗora wa. Tiraka sama take bi. In tana bin sama, duk abin da ke ƙasa shafewa yake a hoto, gida ne, bishiya ce, mutum ne. Shi ya sa ake kashe ta in za a ɗauki ƙasa, a yi hoto biyu a haɗa. Na san wannan. Na taɓa yi wa Zulai bayaninsa a waya har ta yi barci. Amma a daren nan, da ƙamshin turaren Baffa da "jikata ba ta yi" suna yawo a kaina, na bar ta a kunne na danna.

Aka zauna jira. Tsawon da za a dafa shayi a sha, har a fara tunanin zagaye na biyu. Ban taɓa ganin mutum ya zauna kamar yadda Baffa ya zauna ba. Sauro ya sauka a goshinsa, ina gani, ya ci ya ƙoshi ya tashi da ƙyar, Baffa ko gira bai ɗaga ba. Wata akuya ta zo ta shinshina gefen rigarsa ta wuce. Malam Audu har rediyonsa ya kashe, wai kada ƙara ta girgiza hoton.

Kyamara ta yi ƙas. Na ce, "An gama, Baffa." Kowa ya taso aka kewaye ni.

Taurari duk sun yi jela. Duka. Kowanne ya ja layi a karkace, na gefe gefe sun fi tsawo, kamar an zubar da taliya a sama. Rumbu ya kwanta ya zama biyu. Shi kuwa Baffa, wani farin abu ne ya shafe a tsakiya, kamar an goge alli da tafin hannu. Hula tana wani waje, gemu yana wani waje. Sama ba ta tsaya ba, ƙasa ba ta tsaya ba. Ko da hannu na riƙe kyamarar ina gudu, abin da zan samu ke nan.

Malam Audu ya kanne ido ɗaya. "Ina Malam Haruna?"

Na nuna. "Ga shi nan."

"Daga ina zuwa ina?"

Baffa ya karɓi kyamarar ya duba. Ya daɗe. Ni kuma kaina yana ta lissafi da sauri. Na'ura ba ta ƙarya. Tauraro yana nan inda na bar shi, na waiwaya na gan shi. Gwajin farko ya yi kyau. To saura wa? Kun san akwai lokacin da mutum yake ganin rami, ya san rami ne, ya kuma ɗaga ƙafa ya saka.

"Baffa," na ce, "ina jin kun ɗan motsa."

Na ji Nasiru ya ce inna lillahi a hankali.

Baffa ya ɗago. Ga tabon sauro a goshinsa ya fara tashi.

"Na motsa."

"Kaɗan dai. Ba laifinku ba ne, zaman ne da tsawo."

"Taurarin ma ni na motsa su?"

"A'a, wato su... wataƙila iska ce."

"Rumbun fa?"

Da mai hankali ne sai ya yi shiru. Ni na ce, "Baffa, ai ita na'urar ba ta kuskure. A kan tauraron arewa take, shi kuma ba ya motsi."

Baffa ya miƙa wa Nasiru kyamarar. Ya tattare hannun rigarsa ya saɓa a kafaɗa. "Bari in ga tauraron nan naka da kyau."

Na nuna masa bututun. Ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya miƙe.

"Lallai ba ya motsi."

Na ce, "Ai na gaya muku, Baffa."

"Da wayar ƙarfe na ɗaure shi."

Ban gane ba. Na yi murmushi, irin wanda ake yi wa manya in sun yi barkwanci.

"Tocila ce," ya ce. "Mai caji. A kan gora take, gorar a saman ɗorawar gonata. Tun da aka fara satar dawa ake rataye min ita, ɓarawo ya hango ya ɗauka da mai gadi a sama. Batirinta ne ya yi sanyi, shi ya sa ta yi maka kama da na Allah." Ya ɗan huta. "Su fatake ban sani ba ko sun bi ta. Bara na saye ta a kasuwar Zakirai."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Malam Audu ya kunna rediyonsa ya kara a kunne yana neman tasha da gaske, kafaɗunsa suna rawa. Sauran dattawa kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Sai daga bayan danga, cikin gida, na ji wata mata ta kasa riƙewa, ta saki, sauran suka taya ta. Ashe tun daga kan fatake suke saurare.

Wato tun lokacin da ya ce "To", Baffa ya sani. Duk dattawan nan sun sani. Suka bar ni na yi musu lacca a kan tocilar da suke gani kullum. Kuma na tabbata da ban ce ya motsa ba, da har na bar garin ba wanda zai tona min. Mutumin ya sa babbar riga, ya ba sauro goshinsa, don ya rufa min asiri, ni kuma na saka masa da wannan.

A ɗakin baƙi Nasiru ya juya min baya, amma katifar tana girgiza. Saƙon Zulai ya shigo: "Ya ake ciki?" Na rubuta: "Lafiya lau, sama ta yi kyau." Sai ta turo: "An ce Baffa ya motsa." (Ƙauyen da na yi ta ɗaga waya sama ina neman netwok, labarina ya riga ni isa Rijiyar Zaki.) Na kwanta ina kallon rufi, ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa tocila ta raba ni da aure.

Da aka idar da sallar asuba na bi Baffa har ƙofar gida, na durƙusa.

"Baffa, ku yafe min. Ba ku motsa ba. Ni ne ban iya saitawa ba, kuma na bar na'urar a kunne."

"Na sani," ya ce. "Ina wurin."

Ya ja carbinsa ya ƙarasa, sannan ya ce, "Tashi mu je ka sauko min da tauraron. Za a kai shi caji."

Ɗansa ne yake hawa kullum, amma ranar aka ba shi hutu. Na hau ɗorawar nan da shaddata, ni da rabona da hawa bishiya tun ina firamare. Na kunce gorar, ga tocila 'yar ƙarama, shuɗiya, an naɗe ta da leda saboda raɓa. Daga can sama na duba ko'ina, sai na ga ashe ba Baffa kaɗai ba ne. Nan gora, can gora, kusan kowace gona da tauraron arewarta. Na duba ƙasa kuma na ga dammunan dawar da ake wa wannan gadin. Ba su da yawa. Shi ke nan abin da gidan nan za su ci har wata kakar. Na sauko jikina a sanyaye, da tauraro a aljihu.

Ranar ake kwasar dawar zuwa gida, don haka ba wanda ya ce in taya, ba kuma wanda ya ce kada in taya. Na ɗauki dami a ka, ƙaiƙayi ya shiga wuyana, na yi sawu iya ƙarfina. Da hantsi ya yi, kafin a kwashe na ƙarshe, na ɗauko kyamara, tiraka tana can ƙasan jaka cikin singileti. Na ce, "Baffa, in kun yarda." Ya tsaya a gefen dawarsa da rigar aiki, ba turare, ba komai. Rana ta fito ta gefe, na durƙusa na danna sau ɗaya. Wannan kam aikina ne, ba a bidiyo na koya ba. Komai ya fito, har layukan tafin hannunsa da tabon sauron jiya.

Ya duba ya daɗe.

"Wannan ni ne," ya ce. "Daga farko har ƙarshe."

Muka yi sallama, ya sa aka ɗaure mana 'yar dawa da kuka a bayan babur, muka taho. Kwana da kwanaki ba labari. Na rame. Zulai ta daina ɗaukar wayata da daddare, wai kada in ga sama in tuna.

Sai ranar wata Juma'a Nasiru ya leƙo shagona, ya ce Baffa ya kira Umma, kuma ta sa a lasifika kowa ya ji. Ga abin da ya ce, kamar yadda aka kawo min:

"Su turo manyansu. Sana'a yana da ita, in dai da rana ne. Ya yi laifi kuma ya zo da ƙafarsa. Sannan yaron da zai kalli tocila mai mataccen batir ya ce tauraro ne, in 'yarmu ta tsufa ma haka zai riƙa ganinta."

Ranar ɗaurin aure wani abokin sana'ata ne ya yi hoto, don ni an hana ni taɓa kyamara. Da aka zo kan Baffa, ya gyara babbar riga, ya kalli mai hoton ya ce, "Yi sauri, ɗana. Ni mai motsi ne." A cikin kayan gara kuma, tsakanin buhu da jarka, muka tarar da wani ɗan ƙunshi a leda. Tocilar ce. Tana nan a kan kantar shagona, kusa da tiraka, ba ta kawo wuta amma ba ta motsi.

Tauraron arewa na gaskiya na gan shi daga baya, wani zuwa da muka yi da Zulai. Yana can hagu da ɗorawar, nesa, ɗan dishi dishi, ba shi da wani kwarjini, ko rabin tocilar Baffa bai kai ba. Yanzu na iya saita shi. Ba na ajiye waya a kan ƙarfe, ba na yarda da gajeren gwaji in lens mai faɗi ne a gaba, kuma in da mutum a hoto ina kashe tiraka. Amma babban abin da na koya ba ya cikin bidiyo ko ɗaya. In ka je garin mutane ka hango wani abu yana haske, kafin ka fara lacca, ka yi sallama ka tambaya na waye. Kuma kafin ka ce dattijo ya motsa, ka fara bincika wa ya ɗaure maka tauraro.